Laimar Baba Ilu

Jiya da dare, da barci ya samu ya ɗauke ni, na yi wani mafarki wanda har yanzu ban gama juya shi a raina ba. Kafin in ba da labarinsa, ya dace in bayyana halin da na kwanta a ciki, domin daga nan ne mafarkin ya ɗebi kayan aikinsa.

Sunana Munzali. Gwaggo Tasalla, yayar mahaifina wadda ta riƙe ni tun bayan rasuwarsa, ta tafi Gusau jinyar 'yarta, ta bar mini gidanta na Malumfashi tare da amana guda: a ɗora tankin ruwa kafin ta dawo. Ta ce ni ne mai difloma, ni na san kan abubuwa. Ni ne kuma bara na matsa mata har ta yi wa gidan inshora, duk da ta ce ita Allah ya ishe ta.

Aikin tankin na ba wa Baba Ilu, ɗan kwangilar gini, aminin mahaifina, wanda shi ya haƙa kabarinsa da hannunsa. Maimakon ya gina wa tankin ginshiƙi nasa, sai ya ɗora shi a kan bangon ɗakin Gwaggo. Jiya da la'asar aka cika shi da ruwa. Muna tsaye muka ji ƙas, bangon ya tsage daga saman taga har ƙasa. Baba Ilu ya cire hula ya ce, "Munzali, tsautsayi." Kafin hankalina ya iso wurin, bakina ya riga ya ce, "Ba komai, Baba." Ya mayar da hularsa, ya ce da safe zai zo ya ɗauki tsaninsa, domin ya sami aiki a Ƙanƙara wanda zai kai shi bayan damina. Bayan isha'i kuma Gwaggo ta bugo waya ta ce gobe tana tafe.

Da wannan na kwanta.

Na tsinci kaina a tsakar gida da rana tsaka, sai dai ranar a rataye take a jikin ƙusa a bangon madafa, kamar faifai. Ban yi mamaki ba, na dai lura cewa ta ɗan karkace. Ina cikin tunanin ko in gyara mata zama, sai tsagar nan ta sauko daga bango a hankali kamar ƙadangare, ta karkaɗe ƙura, ta tsaya a gabana. Baƙa ce, siririya, tsawonta kamar na igiyar guga.

Ta ce, "Ina wuni, maigida."

Na ce, "Lafiya lau. Amma ni ba maigida ba ne, riƙon gida nake yi."

"Duk ɗaya ne a wurina. Mai ni nake nema. A garin nan ɓarna ba ta kwana ba ta da mai ita."

Na tambaye ta abin da ke faruwa idan ba a sami mai itan ba. Ta ce doka a fili take: idan mai bango ta iso ba a samu ba, ɓarnar takan hau wanda ya yafe ta, ta zauna masa daga goshi zuwa haɓa. Ba zafi, in ji ta, sai dai duk wanda ya dube ni ita zai fara gani, kuma Gwaggo ce za ta fara duba. Bangon kuwa zai jira babban ruwa na gaba, sannan ya kwanta.

Na leƙa waje. Can ƙarshen titi, inda ƙasa ta haɗu da sama, na hango motar Gusau ƙarama kamar tururuwa. Gwaggo na zaune a kan rufin motar da ƙullin kayanta, tana ɓare gyaɗa.

Na ce wa tsagar, "Ai gidan yana da inshora. Mu je ofis."

Sai ga mu a kan titi. A wannan gari gidaje ne ke fita harkokinsu, mutane su bi su a baya. Wasu gidajen sanye da malafa, wasu kai ba hula. Na juya, na ga gidan Gwaggo yana biye da mu yana ɗingishi, da sabuwar malafa mai faɗi a kan rufinsa. Tsagar ta ce wannan ita ce inshorar da na matsa aka yi. Na ji daɗi ƙwarai, har na rage sauri don maƙwabta su gani.

A bakin kwalbati wani jaki mai tura baro ya taka mini ƙafa. Ya ce, "Yi haƙuri, malam." Na ce, "Ba komai." Nan take tsagar ta ƙara tsawo da kamu ɗaya. Na tsaya na auna ta da ido, domin abin ya ba ni sha'awa. Gaba kaɗan wata mata ta watsa mini ruwan wanke-wanke daga tagar gidanta mai tafiya. Ban jira ma ta ba ni haƙuri ba na ce, "Ba komai." Tsagar ta sake ƙaruwa, ta yi gyatsa.

Ta ce, "Kana ciyar da ni da kyau. Gidan da na fito kafin naku, mai shi masifaffe ne, a rame na bar wurin."

Ofishin inshora a cikin wata ƙatuwar randa yake. Ana shiga ta baki, a sauka da igiya, ciki kuwa sanyi da ƙamshin ƙasa. Wata zabuwa mai tabarau ce a kan kujera. Gidan Gwaggo ya tsaya a waje ya sunkuyo da kansa ta bakin randar.

Na gaishe ta da ladabi na ce, "Ranki ya daɗe, mun zo ne game da wata tsaga."

Ta ce, "Kowa game da tsaga yake zuwa. Ba a taɓa zuwa gaishe mu ba. A kira mai duba."

Mai duba hawainiya ce. Ta taso daga ƙuryar ofis tana ɗaga ƙafa tana shawara kafin ta ajiye, har na sami lokacin leƙa titi. Motar Gwaggo ta kai girman akwatin ashana. Zabuwa ta bayyana mini tsarin aikin: hawainiya za ta lashi ɓarnar. In ta koma ja, wuta ce. In ta koma shuɗiya, ruwa ne. In ta koma fara, iska ce. Waɗannan duka malafa na ɗauka.

Hawainiya ta lashi tsagar, tsagar ta yi dariya don cakulkuli. Muka zuba ido. Jikin hawainiya ya bi ta ja ya wuce, ya bi ta shuɗi ya wuce, sannan ya tsaya a kan wani launi mai toka-toka da ɗigon jan goro a gefe. Na san launin nan tun ina yaro. Tafin hannun Baba Ilu ne.

Hawainiya ta ce, "Hannu ne." Ta juya ta fara komawa.

Zabuwa ta cire tabarau ta goge da fiffike. Ta ce, "Malam mai difloma, malafa tana tare abin da ya faɗo daga sama. Abin da ka buɗe wa ƙofa da kanka, ka shimfiɗa masa tabarma, ka kawo masa ruwa a kofin baƙi, wannan ba daga sama ya faɗo ba."

Na ce, "To shi wa ke ɗaukarsa?"

"Laimar mai aiki. Gida da malafarsa, mai aiki da laimarsa. Kafin ya fara, ka tambaye shi laima?"

Na yi tunani sosai, domin ba na son in ba da amsar da ba daidai ba. Na ce, "Na tambaye shi iyali, da gajiya, da ƙafarsa mai ciwo."

"Ƙafar ta warke?"

"Da sauƙi."

"Madalla."

Na yi ƙarfin hali na ce na taɓa jin cewa wani lokaci ofis yakan gyara ɓarnar da kansa, daga baya ya bi mai aikin. Ta gyaɗa kai ta ce na ji daidai. Sannan ta ɗaga jikinta daga kujera, ta ciro wani farin abu daga ƙarƙashinta, mai kamar ƙwan tantabara, ta ajiye a gabana. Da ɗuminsa.

Ta ce, "Ka gane wannan?"

Na kara shi a kunne. Daga ciki na ji muryata, ƙarama, tana cewa, "Ba komai, Baba."

Ta ce, "Tun jiya da la'asar ta iso nan, ta riga ka. Wanda aka yafe wa, mu ba ma bin sa. Da wane ido za mu bi shi, alhali ɗan gida ya sallame shi?"

"Ana iya mayar da ita?"

"Ana iya. Ta bakin da ta fito za ta koma, kuma a gaban wanda aka faɗa wa. Na gaba ya matso."

Na sa ƙwan a aljihun gaba, na dafe shi da hannu.

Sai ga mu a kasuwa. Ba ni na ce mu je ba, amma na san dalilin zuwan: ina neman wani mai ɓarnar da ba Baba Ilu ba. Tankin ruwan na zaune a bencin mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na gaishe shi, na tambaye shi cikin lalama ko yana ganin nauyinsa ya yi yawa.

Ya ce, "An ce in cika, na cika. Inda aka ajiye ni na zauna. In ka ga laifi a nan, nuna mini."

Ban ga laifi ba, na ba shi haƙuri. Tsagar ta ja ni ta ƙafar wando ta ce akwai wanda Baba Ilu ya ambata da bakinsa, mu gwada shi.

Muka same shi a bayan rumfar masu tukwane. Wani tsohon ɗan dako ne, ramamme, da gammo a ka, an lafta masa kaya har ba a ganin ƙarshensu: fasassun tulu, ƙonanniyar shinkafa, rabin gada, rigunan da tela ya yanka ba daidai ba, da wani rufin kwano cikakke da ƙusoshinsa.

Tsagar ta ce, "Ga Tsautsayi."

Na durƙusa na gaishe shi, domin ya girme ni nesa ba kusa ba. Na ce, "Baba, an ce jiya da la'asar ka biyo ta gidanmu."

Ya dube ni ta ƙarƙashin kayan. Ya ce, "Wace unguwa?"

Na faɗa masa.

"Ban je ba. Jiya da la'asar ina hanyar Dutsinma wajen wata motar tumatir, tayarta sabuwa fil ta fashe. Wannan nawa ne, ban musa ba. Amma ɗana, dubi kaina. Rabin kayan nan ban san masu su ba. Mutum ya ƙi yin awo, ya ƙi haƙa tushe, abu ya lalace, sai ya cire hula ya kira sunana. Ni kuma ba ni da bakin musu, don ba kasafai ake kirana a tambaye ni ba. Kai ne na farko tun bara."

Na tambaye shi yadda ake bambanta nasa da wanda ba nasa ba, domin na daɗe ina son sanin wannan. Ya ce nasa ba ya aiko da sanarwa. Duk abin da mai ido zai iya hangowa tun kafin ya faru, to ba shi ba ne. Sannan ya ce in taimaka in gyara masa zaman rabin gadar, tana danne masa kunne. Na gyara. Ya ce, "Don Allah kada ka ƙara mini bango. Wuyana ya gaji."

Muka bar shi. Motar Gwaggo ta kai girman akwatin lefe, har ina ganin ɓawon gyaɗa na zuba daga rufinta.

A hanya tsagar ta ce, "In tambaye ka mana. Bangon naka ne?"

"Na Gwaggo ne."

"Ɗakin fa, wa ke kwana a ciki?"

"Gwaggo."

"To da ka yafe, kayan wa ka bayar?"

Sai tsagar ta fara hawa ƙafata ta dama, da sanyinta kamar ruwan randa.

Sai ga wani tsani na ƙarfe a tsakiyar gonar dawa, tsaye, bai jingina da komai ba. A can samansa Baba Ilu na zaune yana cin goro, da wata baƙar laima a rufe a kan cinyarsa, an ɗaure ta da igiyar rama. Wata kaza ta yi sheƙa a kanta.

Na fara hawa. Matakan tsanin ba irin waɗanda na sani ba ne. Da na taka na farko, sai na ji ni a kan keken Baba Ilu yana kai ni makaranta ranar da mahaifina ya kwanta ciwo. Na gaba, buhun masarar da ya aiko wa Gwaggo a shekarar da gonarta ta ƙi. Na gaba kuma ya fi duka laushi, ƙafata ta nutse a ciki har idon sawu: jar ƙasar maƙabarta ce, ga Baba Ilu a cikin rami har ƙirji da shebur, yana cewa a kai yaron nan inuwa. Na daɗe a kan wannan matakin. Tsagar ta kai mini ƙugu.

Da na iso sama ya ce, "A'a, ɗan aminina. Ka hawo da kanka? Ga goro."

Na karɓa da hannu biyu. Na gaishe shi, na tambaye shi iyali, da gajiya, da ƙafa. Tsagar ta mintsine ni a haƙarƙari.

Na ce, "Baba, wannan laimar fa?"

Ya shafa ta ta gefen kazar. Ya ce, "Ta ƙungiyar magina ce. Duk shekara ina zuba mata abin da ake zubawa, ban taɓa fashi ba. An ce in na yi ɓarna a gidan mutane, ita za ta rufe ni ta rufe su. Amma ban taɓa ganin cikinta ba."

"Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Tambaya ce ke buɗe ta. Sai mai gida ya dube ni ya ce, Ilu, wa zai gyara? To ba a taɓa yi mini ba. Kowa sai ya sunkuyar da kai ya yafe, in na tafi ya zage ni a ɗaki. Kunnena na jin zafin zagin har Ƙanƙara."

Abin ya ɗaure mini kai, na gyara tsayuwa a kan tsanin. Na ce, "Kai ba ka iya buɗe ta da kanka?"

Ya daina tauna. Ya ce, "Munzali, yaro ya tsaya a gidan gwaggonsa ya yi magana irin ta manya, ya ce ya yafe. Ni da furfurata in ce masa bai isa ba? In ƙaryata ɗan aminina Lawandi a gaban leburori? Kai kunyata ta kama ka, ni taka ta kama ni. Tun jiya goron nan ba ya mini ɗanɗano."

Kazar ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ni dai in za ku yi, ku faɗa mini in kwashe ƙwaina."

Daga ƙasa na ji ƙarar birki. Motar Gusau ta tsaya a bakin gonar, da cikakken girmanta. Gwaggo ta sauko daga rufi ba tare da taimakon kowa ba, ta karkaɗe zane, ta sa hannu a goshi tana duban sama. Gidanta na tsaye a bayanta ya cire malafa ya riƙe a ƙirji.

Ta ce, "Munzali, kai ne a can? Juyo in ga fuskarka."

Tsagar ta riga ta kai wuyana, kanta na taɓa haɓata. Ta ce a hankali, "Ni ba ni da zaɓi. Goshinka ma yana da faɗi, zan ji daɗin zama."

Na ciro ƙwan daga aljihu. Ya ƙara girma, ya kai na agwagwa. Na dubi Baba Ilu, na ga shi ma ni yake kallo, ba kamar mai jin haushi ba, kamar mai jiran a sauke masa kaya. Na sa ƙwan a baki. Ɗanɗanonsa sukari ne a sama, siminti a ƙasa. Ya tsaya mini a maƙogwaro, na ji muryata a ciki tana ta maimaita maganar jiya, tana ƙara nisa. Na runtse ido na haɗiye.

Kazar ta tashi da ƙwanta a ƙarƙashin fiffike. Igiyar ramar ta fara warwarewa da kanta. Na ja numfashi, na tsara tambayar a raina kalma bayan kalma yadda ba za ta zama rashin kunya ba, na buɗe baki na ce, "Baba, wa zai..."

Sai tsanin ya fara tafiya. Wani yana jan ƙafar tsanin daga ƙasa, ƙarfe na gurzar wani abu mai tauri, ƙiiii, ya tsaya, ƙiiii, ya tsaya.

Na buɗe ido. Gari ya waye, hasken safiya na shigowa ta ƙasan ƙofa. Na shafa goshina, na shafa haɓata, ba komai a kansu sai zufa. Amma ƙarar ba ta daina ba. A tsakar gida take, ƙarfe a kan daɓen siminti: ƙiiii, ya tsaya. Baba Ilu ne ya zo ɗaukar tsaninsa, yana jan sa a hankali don kada ya tashe ni.

Ban san ko yana da laima a farke ba. Ban ma san ko ƙungiyar magina na bayar da ita ba. Na dai san motar Gusau ta riga ta baro tasha, ga kuma hadari na haɗuwa ta gabas.

Na fita ba takalmi. Tsagar na nan a bangonta, ba ta gaishe ni ba. Baba Ilu ya kai tsanin bakin zaure, kan tsanin ɗaya har ya fita waje. Na sunkuya na kama ɗaya kan da hannu biyu.

Ya ji nauyi, ya juyo. Ya ce, "Munzali, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Ina kwana. Ajiye tsanin tukuna, ina da tambaya."